An Kwashe Ruwan Fisin

Alhaji Shu'aibu bai ɗaga murya ba ranar da ya mayar da goron.

Baffannin Sumana ne suka zo nema masa auren ɗiyar Alhaji, Asma'u, bayan sallar Juma'a, da manyan riguna waɗanda da gani ka san ba kullum ake sa su ba. Alhaji ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo musu ruwan randa, duk da cewa famfunan unguwar Talaje sun jima ba su kawo ko ɗigo ba. Ya saurare su har suka gama. Sannan ya tura ƙunshin goron gabansu da hannu biyu, ya ce su yi haƙuri, abin da suka zo nema ba zai samu ba.

Asma'u tana ɗaki tana guga lokacin da mahaifiyarta, Inna Rabi, ta shigo ta faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga dutsen gugar daga kan zane, ta fita ta zubar da garwashin, ta dawo ta zauna.

Shekararta ashirin da huɗu, malama ce a ajin ƙananan yara na wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin unguwa. Kuma ta dalilin wannan aikin ne ta san Sumana.

Bara da rani wata yarinya 'yar ajinta, Kadi, ta bi yayyenta kogi wanki. Kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, ya janye har yara suna gudu a inda jiragen ruwa ke wucewa a da. Amma masu ɗibar yashi sun bar ramuka ko'ina, ruwa ya kwanta a ciki, daga sama ba ka bambanta wanda ya tsaya a gwiwa da wanda zai shanye babban mutum. Kadi ta taka ɗaya. Waɗanda suka ciro ta sun ce da ta iya juyawa ta kwanta bisa ruwa ko na ɗan lokaci, da hannu kawai za a miƙa mata.

Bayan sadakar uku Asma'u ta hau ɗan babur ɗinta, mobilet, tana tambaya a gari ko akwai mai koya wa yara iyo. Aka kwatanta mata gidan hutun ma'aikatan wani kamfani, inda akwai tafkin siminti da ake kira fisin. Nan ta tarar da Sumana, ɗan sorkawan Gamkale, masu kamun kifi tun kaka da kakanni, yana koya wa ɗiyan Nasara da na manyan gari. Ta tambaye shi ko ɗiyan Talaje ma za su iya. Shi da kansa ya je ya roƙi mai kula da gidan, aka ba su yammacin Laraba da Asabar. Rukunin farko suka iya, suka fita. Bana aka kawo ƙanana, 'yan shekara huɗu da biyar.

Da Alhaji ya dawo daga sallar la'asar ya aika aka kira ta. Ta durƙusa nesa da shi kaɗan. Warin ƙirgi yana shigowa daga shagon baya, don a shekarar nan da dabbobi ke faɗuwa, fata ce kaɗai hajar da ba ta yanke masa ba.

Ya faɗa mata dalilansa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da fushi ba. Namiji mai shekara talatin wanda sana'arsa wanka. Mutumin da ke yini da gajeren wando gaban matan mutane. Ga talakawa sun cika bakin gari suna layin jar dawar taimako, shi kuwa yana wasa cikin ruwan da zai shayar da unguwa guda. Bai ambaci abin da ake faɗa kan sorkawa da iskokin kogi ba, amma ta san yana ransa.

"Baba, koya musu yake kada su mutu," in ji ta.

"Mu a Damagaram wa ya koya mana? An ce kada mu je tafki, ba mu je ba."

"Baba, nan uwayensu ne ke aikensu kogi, tunda famfo ba ya kawowa."

Alhaji ya ja tasbaha, sannan ya ce, "Ma'u, kin ce lakwal, na bar ki. Kin ce aiki, na bar ki, ana zagina a masallaci. Ba zan ɗaura miki aure da wanda ba ki so ba. Amma da hannuna ba zan ba da ke can ba, ko za ki tsufa a ɗakin nan. Kuma kin san Salisu ya yi maganar aurenki."

Ta sani. Salisu ɗan aminin Alhaji ne, a gidan nan ya zauna lokacin da yake karatu a Yamai, shi ya sa har yau Yaya take ce masa. Yanzu liyetna ne a soja. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa ɗiya ɗaya, Sa'adatu. Babu wanda ya taɓa jin wani abin assha a kansa, kuma wannan shi ne abin da ya fi damun Asma'u. Da mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

Washegari Asabar ta tara yaran kamar kullum, suka cika taksi biyu. Sa'adatu na manne da ita. Asma'u ce ta matsa wa Salisu ya bar yarinyar ta shiga ƙungiyar, don tun rasuwar uwarta ba ta wasa da kowa, in an yi mata magana sai ta kalli ƙasa.

Sumana yana cikin ruwa lokacin da suka iso. Suka gaisa kamar babu abin da ya faru jiya.

Shi ba ya jefa yaro cikin ruwa yadda aka yi masa yana ƙarami. Makonnin farko yaran ba su ma shiga ba. A bakin fisin suke zama suna kaɗa ƙafa, kowa da kwanon ruwa a gabansa, ana gasar wanda zai fi hura kumfa. Daga nan aka koma tsoma fuska, sannan ɗaura busasshen gora biyu a ƙirji irin yadda masunta ke yi. Abin da ya fi nacewa a kai shi ne kwanciya rigingine. Yakan ce ba ya neman yaro ya tsere wa kowa, yana neman in ƙafarsa ta rasa ƙasa, jikinsa ya juya da kansa ya kalli sama.

Asma'u ba ta taɓa shiga ruwan ba. Aikinta a gefe yake: ƙirga kawuna, kwance ɗankwali, share hanci, rarrashin mai kuka.

Ranar nan aka zo kan Sa'adatu. Sumana ya kwance mata goran, ya ɗora tafin hannunsa ƙarƙashin kanta, ya ce ta nemo masa shaho a sama. Yarinyar ta ƙura ido sama. A hankali ya zare hannun, yatsa bayan yatsa, ya ɗaga shi sama don Asma'u ta gani. Sa'adatu na kwance bisa ruwa ita kaɗai, kunnuwanta a nutse, cikinta na sama da ƙasa.

Da ya ɗago ta, sai ta juya ta ce, "Tanti Ma'u, babu shaho." Sauran yaran suka kwashe da dariya, ita ma ta yi.

Sai a lokacin Asma'u ta lura da mutumin da ke tsaye ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da kakinsa, hula a hannu. Salisu ne. Bai taɓa zuwa ba sai yau.

Ya jira aka fitar da yaran aka soma goge musu jiki, sannan ya matso. Ya ba Sumana hannu, ya yi masa godiya. Sai ya ce ba ziyara ce ta kawo shi ba. Umarni ya zo daga sama cewa duk wani fisin da ke garin nan a kwashe ruwansa da sitern, motocin nan masu ɗaukar ruwa, a kai unguwannin da famfo ya ƙafe, kuma ba za a sake cikawa ba sai kogi ya dawo. Shi aka ɗora wa aikin wannan ɓangaren. Ranar Litinin za su zo.

Sumana ya tambaya ko za a iya barin ɓangaren yara, wanda bai wuce ƙugu ba. Salisu ya ce ya tambaya da kansa kafin ya zo, an ce a'a.

Ya ja Asma'u gefe. Ya ce Alhaji ya faɗa masa waɗanda suka zo jiya, da amsar da aka ba su.

"Ban san shi ne mai nemanki ba sai jiya, Ma'u. Da na sani da ban karɓi aikin nan ba, ko da yake a soja ba a tambayar mutum. Ina so ki san ba ni na nema ba."

"Na sani, Yaya."

Ya ɗauki ɗiyarsa, jiƙaƙƙen kanta na ɓata masa kaki, suka tafi.

Bayan taksi sun kwashe yaran Asma'u ba ta tada mobilet ɗinta ba. Sumana ya sa riga, ya zauna a kan wani benci, ita ta zauna a ɗaya ƙarshen. Mai gadi na can bakin ƙofa da rediyonsa.

Maganar yaran ya fara yi. Ya ce an tsayar da su a wuri mafi muni. Da can suna tsoron ruwa, tsoron ne ke tsare su. Yanzu ya cire musu tsoron, bai kuwa gama ba su abin da zai maye gurbinsa ba. Yaron da ya saba da gora a ƙirji yana ganin ya iya. In uwarsa ta aike shi kogi gobe, da gudu zai shiga.

Ya ce akwai wani gurbi a ƙasan Gamkale, inda mahaifinsa ke ɗaure jirgi. Ƙasansa yashi ne, ba rami, ba kada, ruwan na ɗan motsi har yanzu. Ya san shi taƙi-taƙi tun yana yaro. In an ba shi wata ɗaya a can zai gama da su.

"Bayan wata ɗayan fa?" ta tambaya.

Ya ce mai kula da gidan ya gaya masa, in babu ruwa babu aiki. Wani Banasare da ya taɓa koya wa ɗiyansa ya yi masa hanya a wani otal a Kwatano, bakin teku. Da farko ya ƙi. Jiya da baffanninsa suka dawo da goro ya soma tunanin karɓa.

"Wato ka gama yanke shawara."

"Ma'u, dubi ni da kyau. Ubanki bai yi ƙarya ba. Kifi ya ƙare, fisin ya ƙare. Salisu yana da gida, yana da aiki, danginku ne, kuma yarinyar ba ta sakin zanenki. Na gan shi yau. Mutumin kirki ne. Na so a ce ba haka ba."

Nan hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. Ba ta rufe fuska ba, ta bar su. Ta ce masa kowa a garin nan ya san abin da ya dace da ita: Baba ya sani, Inna ta sani, maƙwabta sun sani, yau ga shi shi ma ya shiga layi. Ta ce shekara guda tana tsaye a bakin ruwan nan tana kallon yadda yake haƙuri da ɗan wani, yaro ya yi masa amai a jiki, ya cije shi, bai taɓa ce masa tafi ba ka iyawa ba. Ashe haƙurin na yara ne kaɗai. Ita an mayar da goro sau ɗaya, har ya fara neman motar Kwatano.

"Kai ba ka gane ba ne," in ji shi.

Hausarsa ta kasuwar Yamai ce. In ransa ya ɓaci yakan manta ya ce mata kai maimakon ke, kuma ta sha yi masa dariya a kan haka. Yau ba ta yi ba.

"Kina so in raba ki da ubanki? In na yi haka, da wane ido zan kalli uwayen yaran nan in ce su ba ni amanar ɗiyansu?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe. Ta ce maganarsu su biyu ta dakata. Ta yaran ce ba ta jira. Shi ya shirya gurbin kafin safiyar Asabar mai zuwa, ita za ta bi gidaje.

Ranar Litinin motocin suka zo. Asma'u ba ta je ba, amma da yamma ta ga ɗaya daga cikinsu a Talaje, mata sun yi layi da bokitai da bido, wato jarkoki. Wata maƙwabciyarsu, Zeinabu, ta ɗebo nata tana cewa ruwan na warin magani. Da shi aka yi wanke-wanke a gidan Alhaji ma a ranar.

Bin gidajen bai yi daɗi ba. Uwayen da suka yarda da fisin sun yarda ne don siminti ne, ana ganin ƙasansa, ga katanga, ga mai gadi. Da suka ji kogi sai fuskoki suka canza. Wata ta ce tsargiya. Wani ya ce dorina, ko da yake kowa ya san sun koma can sama inda ruwa ya rage. Wata tsohuwa ta ce masu kogin suna cikin fushi bana, ba ta ga dalilin da za a kai musu yara har gida ba. Uwar Kadi ta saurare ta har ƙarshe, ta riƙe mata hannu, ta ce, "Madam, ƙanenta kaɗai ya rage mini. Ba zan iya ba."

Wasu sun ce za su yi shawara. Asma'u ta san abin da hakan ke nufi.

Kafin Laraba maganar ta kai masallaci. An faɗa wa Alhaji cewa ɗiyarsa na yawo gida-gida tana tara wa ɗan sorko yara zuwa kogi. Bai kira ta ba. Da safe ta durƙusa ta gaishe shi, ya ci gaba da shan kokonsa. Da yamma ta sake gaishe shi, ya miƙe ya shiga shagon fata. Tun da aka haife ta bai taɓa yi mata haka ba. Ƙannenta suka daina surutu in ta shigo.

Ranar Juma'a bayan azahar Inna ta same ta a madafa. Ta zauna a kan turmi, ta yi ta kuka kafin ta iya magana. Ta ce Alhaji ba ya barci, ba ya cin abinci, jiya ta ji shi yana faɗa wa ƙanensa cewa ya yi kuskure da ya kai ɗiya mace lakwal, kuma ƙannenta mata biyu bana ce shekararsu ta ƙarshe. Ta ce shekara ashirin da shida tana gidan nan, ta san mutumin. Ba ya zagi, ba ya duka, amma in ya rufe ƙofa ba ya buɗewa.

"Ban ce ki auri Salisu gobe ba. Ban ma ce ki aure shi ba. Kogin nan kawai nake roƙonki. In kika sa ƙafa a ruwan nan tare da yaron nan a gaban mutane, kin gama da ubanki, kin gama da karatun ƙannenki. Ma'u, ban taɓa roƙonki komi ba."

Asma'u ta kalli hannayen Inna, duk sun tsage da ɗaukar ruwa. Ta yi tunanin gidajen da ta bi, babu ko ɗaya da ya ce to. Me za ta je yi a kogin da babu yaro ko ɗaya?

Ta ce ta ji. Gobe da safe za ta je ta faɗa masa da bakinta cewa babu mai zuwa, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Daga tudu za ta faɗa masa ta juyo. Inna ta sa ta maimaita, ta maimaita.

Asabar da hantsi ta ajiye mobilet a inda hanya ta ƙare, ta gangara da ƙafa. Inda kogi yake a da yanzu fili ne na yashi da busasshen laka, jirage a kife, shanu ramammu na tsallakawa zuwa wancan ƙetaren. Mata sun baje wanki a bakin kowane gurbi. Cikinsu ta hango Zeinabu maƙwabciyarsu, ita ma ta hango ta, ta daina cuɗa zanen da ke hannunta.

Sumana ya yi aiki. Ya kafa sanduna ya zagaye wurin da igiyar jirgi, ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe ya tara gefe, ya yi rumfar zana don inuwa. Ga goruna a jere, kowane biyu da igiyarsu, adadin yaran cif. Yana tsaye cikin ruwa har ƙugu.

Ya dubi bayanta, ya ga babu kowa.

Ta tsaya a kan tudu yadda ta yi alkawari. Ta faɗa masa gidajen da ta bi da abin da aka ce. Ta faɗa masa na Inna da na ƙannenta. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya fito ya soma tattara gorunan. Ya ce ba laifinta ba ne. Ya ce motar Kwatano na tashi ranar Talata.

Ƙarar mota ta sa suka juya. Wata ƙaramar motar soja ce ta tsaya kusa da mobilet ɗinta. Matan wanki suka miƙe, wasu suka fara tattara kaya, don a zamanin nan in soja ya zo wuri ba a tsayawa tambaya. Salisu ya fito, ba kaki, da riga 'yar shara. Ya zagaya ya sauko da Sa'adatu. Bayanta ya sauko da wasu yara uku da Asma'u ba ta sani ba.

Ya gangaro da su har bakin igiyar. Ya ce wa Sumana a Talaje ya ji labarin gurbin, waɗannan kuma ɗiyan sojojinsa ne daga bariki, ba su taɓa shiga ruwa ba, sai a fara musu daga farko. Ya ce a watan nan kaɗai sau biyu ana kiran mutanensa su ciro yara daga ramukan kogi, kuma shi ne ke kai wa uwaye. Ya tambaya ko ƙasan wurin na da kyau. Sumana ya ce ya shiga ya taka da kansa. Salisu ya naɗe wando ya shiga, ya zagaye igiyar daga farko har ƙarshe, ya fito.

Sannan ya juyo wajen Asma'u, ya yi magana yadda Sumana ma zai ji.

"Ma'u, kada ki ɗauka na janye. Ban janye ba. Juma'a mai zuwa baffannina za su wurin Alhaji, kuma kin san goronsu ba zai dawo ba. Amma ba na so a ce da motar kwasar ruwa na samu mata. In za ki ce mini to, ki faɗa yana garin nan, yana kan aikinsa."

Ya dubi Sumana. "Kai kuma, ka fara da ɗiyata, sai ka gama."

Sumana ya ajiye gorunan da ya tattara. Bai ce komi ba game da Talata. Ya koma cikin ruwa, ya miƙa wa Sa'adatu hannu biyu.

Yarinyar ba ta motsa ba. Wannan ruwan ba irin na fisin ba ne. Ja ne, ba a ganin ƙasansa, ba shi da bakin siminti da za a riƙe. Ta ja da baya har ta jingina da ƙafafun Asma'u, ta damƙe zanenta. Ubanta ya durƙusa ya lallashe ta, ta girgiza kai. Sumana ya nuna mata cewa ruwan bai wuce cibiyarsa ba, ta ƙara damƙewa. Sauran ukun suna kallonta. In ta ƙi, su ma sun ƙi.

Ta ɗaga kai ta ce, "Sai da Tanti Ma'u."

Salisu bai san alkawarin da aka yi a madafa ba. Sumana ya sani, yanzun nan aka faɗa masa, shi ya sa ya sunkuyar da kai ya ce a bari, zai yi dabara, ko a fara da kwano a kan tudu.

Asma'u ta waiwaya. Zeinabu ta matso har ta bar wankinta a baya, hannunta a ƙugu. Daga nan zuwa Talaje ba nisa. Kafin azahar Alhaji zai ji, kafin shi kuma Inna.

Sa'adatu ta sake jan zanen.

Asma'u ta sunkuya ta cire takalmanta, ta ajiye su a kan yashi. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗauki yarinyar, ta ɗaga igiyar ta wuce ta ƙarƙashi. Ruwan ya fi yadda ta zata sanyi. Ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa, zanen ya yi nauyi ya manne mata.

Ba ta sake waiwayawa ba, amma ta ji lokacin da Zeinabu ta kife bokitinta, ta ɗora jiƙaƙƙen wankin a ka, ta kama hanyar gida.